Hoton da Ya Ƙi Buɗewa: Me Ake Zubarwa Idan An Mai da Shi JPEG?

Akwai roƙon da masu shagon kwamfuta ke sha kullum, musamman lokacin rajistar jarrabawa ko ɗaukar ma'aikata: "Malam, hoton nan ya ƙi buɗewa, taimaka ka mai da min shi JPEG." Wani da iPhone ya ɗauki nasa, shafin rajista ya ce bai san zancen ba. Wani faifan CD aka ba shi a asibiti bayan an yi wa mahaifinsa hoton kai, yana so ya tura wa ɗan'uwansu likita da ke wani gari. Wani kuma ɗalibin nazarin ƙasa ne, ya sauko da hoton tauraron ɗan'adam, ya buɗe ya tarar da shi baƙi ƙirin. A baki buƙatarsu ɗaya ce, mai shago ma yakan biya musu ita kafin su gama gyara zama. Sai dai abin da ya faru da hotunan uku ba ɗaya ba ne. Na farko kusan bai rasa komai ba. Na biyu yana iya barin cutar da ake nema a cikin faifai, ya tura hoton da ba ta ciki. Na uku ya raba hoton da gurbinsa a doron ƙasa.

Asalinsu dai duk ɗaya ne. Hoto ne na ɗigo-ɗigo, wato an yanka abin da ake kallo zuwa ƙananan murabba'ai jere-jere, kowane murabba'i an rubuta masa lamba. In ka yi ta faɗaɗa hoto a waya har ya fara fashewa, su ne kake gani. Kyamarar da ke ɗaukar ɗigo 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye tana ba ka ɗigo miliyan 24. Kowane ɗigo yana da lambobi uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. In aka ajiye wannan yadda yake, hoto guda zai ci megabait 72. Babu mai tura wa surukarsa irin wannan a WhatsApp. Saboda haka duk wani nau'in fayil ɗin hoto, a taƙaice, amsa ce ga tambayoyi biyu: yaya za a jera waɗannan lambobi, kuma wanne za a riƙe wanne za a yar?

JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, ya amsa tambaya ta biyu ba kunya. Masu tsara shi sun san idon ɗan'adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka yakan fara da rage bayanin launi. Sannan ya kasa hoton zuwa gidaje masu ɗigo takwas-takwas, a kowane gida ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai yi kewarsu ba. Da haka megabait 72 ke komawa bakwai ko ƙasa da haka, mai kallo kuma bai ga abin da ya ɓata ba. Dabara ce mai kyau, shi ya sa fiye da shekara talatin ke nan babu na'urar da ba ta san shi ba, daga kwamfutar ofis har ƙaramar waya mai madannai. Amma yana da iyakoki waɗanda ba a iya lanƙwasawa. A yadda kowa ke amfani da shi, matakai 256 kawai yake da su daga baƙi zuwa fari. Ba ya riƙe hoton da bayansa ke wayam, irin na tambarin kamfani. Abin da ya zubar kuma ya tafi ke nan, kuma duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani.

PNG rigimar kuɗi ce ta haife shi. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai riƙa karɓar kuɗi kan dabarar matsewar da ke cikin nau'in hoto na GIF, sai wasu masu rubuta manhaja suka haɗu suka ƙirƙiro wanda ba na kowa ba, aka amince da shi a 1996. Shi ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Ya fi dacewa da rubutu da zane da taswira, amma hoton kyamara yakan yi masa nauyi. TIFF kuwa ya girme su, tun 1986 kamfanin Aldus ya fito da shi. Akwati ne mai faɗi da ke ɗaukar kusan komai, shi ya sa masu ɗab'i da masu adana kayan tarihi ke son sa, kuma shi ya sa wani TIFF ɗin ke buɗewa a wannan manhaja ya ƙi a waccan. Kusan duk juyin da ake yi, ɗayan waɗannan uku ake nufa.

Kafin mu yi nisa, bari a kashe wata dabara da ta zama ruwan dare: a goge wutsiyar sunan fayil, a rubuta jpg a wurin. Wannan ba juyi ba ne. Kowane fayil yana ɗauke da shaidarsa a farkon cikinsa. JPEG da lambobin FF D8 yake farawa, PNG yana da harufan sunansa a can farko, TIFF yana farawa da II ko MM. Manhajar da ke duba ciki za ta gane ba a canza komai ba. In ka ga dabarar ta yi aiki, to manhajar ce dama ta iya karanta asalin nau'in, ta yi biris da sunan da ka laƙaba. Shafin rajista mai tsauri zai dawo maka da shi.

Matsalar mai iPhone ita ce mafi sauƙi. Tun 2017, da fitowar iOS 11, Apple ya koma ajiye hotuna a matsayin HEIC, wanda kan ci kusan rabin wurin da JPEG ke ci. Dabarar matsewarsa daga fasahar bidiyo aka aro ta, tana kuma ƙarƙashin haƙƙin mallaka, abin da ya sa wasu kwamfutoci da shafuka da yawa ba su karɓe shi ba. Haka WebP na Google, wanda ya fito a 2010, da mutum kan ci karo da shi in ya sauke hoto daga intanet. Waɗannan duka hotuna ne da aka riga aka gama, don ido aka yi su. A juya su sau ɗaya, a zaɓi inganci mai yawa, shi ke nan. Wanda ya gaji da wahalar ma yana iya shiga saitin kyamarar iPhone ya umarce ta ta riƙa ɗauka da JPEG tun farko.

Inda magana ke fara nauyi shi ne fayilolin da ba don ido aka yi su ba, don awo aka yi su. Na farko a cikinsu yana hannun duk mai ɗaukar hoton biki da ya san aikinsa: ɗanyen fayil ɗin kyamara, wanda suke kira RAW. Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, kowa da nasa. Abin da ke ciki bai zama hoto ba tukuna. Idon kyamara ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake aunawa. An shimfiɗa masa wata rariyar launi a gaba, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya sami haƙƙin ƙirƙirarta a 1976, ta yadda rabin ɗigogin ke ganin kore kaɗai, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sai manhaja ta zo ta ƙiyasta wa kowane ɗigo launuka biyun da bai gani ba, daga abin da maƙwabtansa suka gani. Ita ce kuma za ta yanke me ake kira fari a wannan wuri, domin farin da ke ƙarƙashin rana daban yake da na ƙarƙashin ƙwan lantarki.

A ɗauki ango a tsakar gida da azahar, cikin babbar riga ta farar shadda, fuskarsa baƙa tana sheƙi, ga hula ta yi wa goshi inuwa. Wannan shi ne ciwon kan mai hoto a ƙasarmu. In kyamara ta bi rigar, fuska ta nutse cikin duhu. In ta bi fuska, riga ta ƙone ta zama fari fat, aikin da maɗinki ya yi makonni yana zubawa a ƙirji ya ɓace. A JPEG, ɗigon da ya kai 255 ya kai ke nan. Zaren aiki da yadin da ke ƙarƙashinsa sun zama lamba ɗaya, babu gwanin Photoshop da zai raba su. Ɗanyen fayil mai bit 14 kuwa matakai 16,384 yake da su. Sau da yawa aikin rigar yana nan a can saman matakan, tsagar fuska tana can ƙasa, mai gyara zai iya jawo wannan ƙasa ya ɗaga wancan sama har su haɗu cikin 256 ɗin da allo ke nunawa. Juyin nan ba aikin inji ba ne kawai, hukunci ne. In mai hoto bai yanke shi ba, kyamara ce za ta yanke, bisa ɗanɗanon injiniyoyin da ba su taɓa ganin shadda a rana ba. Wannan ba sabon abu ba ne: a zamanin fim, katin da Kodak ke raba wa ɗakunan wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jiki, an kuwa daɗe ana wanke fuskokin baƙaƙe da wannan ma'auni.

JPEG kamar kilishi yake. Ba nauyi, ba ya wuyar tafiya, ko'ina ka kai shi za a karɓa, amma ruwan ya fita, ba ka komawa da shi ka ce za ka yi farfesu.

Abu biyu kan rikita sabon shiga a harkar ɗanyen fayil. Ɗaya, hoton da yake gani a bayan kyamara ba ɗanyen ba ne, ƙaramin JPEG ne da kyamara ta dafa ta cusa a cikin fayil ɗin. Shi ya sa in ya buɗe a kwamfuta sai ya ga launi ya dushe, ya zaci wani abu ya lalace. Ɗayan kuma, sabuwar kyamara kan zo da nau'in da tsohuwar manhaja ba ta sani ba. Da Canon ya fito da CR3 a 2018, duk mai tsohon Photoshop sai da ya nemi mafita. Adobe yana da nau'in da ya buɗe wa kowa tun 2004, DNG, da ƙaramar manhaja ta kyauta da ke mai da ɗanyen fayil zuwa gare shi. Akwai kuma darktable da RawTherapee, su ma kyauta ne.

In asarar mai hoto aikin riga ne, ta mai faifan asibiti ta wuce nan. Na'urorin hoton asibiti, ta CT da MRI da ta hoton ƙashi ta zamani, da DICOM suke magana, ƙa'idar da ta kafu a 1993. In ka buɗe faifan za ka ga fayil mai suna DICOMDIR da tarin wasu, galibi ba su da wutsiya ma. Kowane ɗaya yanka guda ne na jiki, yawanci ɗigo 512 a kwance 512 a tsaye, hoton kai ɗaya kuma yana iya zama yanka gommai ko ɗaruruwa. Lambar da ke kowane ɗigon CT ba launi ba ce, awo ne na yadda wurin ya tare hasken da ya ratsa shi. Ma'aunin yana ɗauke da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da ya ƙera na'urar, wadda aka fara gwadawa a kan mara lafiya a Landan a 1971. A ma'aunin, ruwa 0 ne, iska 1,000 ƙasa da sifili, ƙashi mai tauri yakan kai 1,000 har ya zarce. Na'urar takan rubuta matakai 4,096, allo kuwa 256 yake nunawa.

To yaya likita ke yi? Taga yake buɗewa. Yakan zaɓi wani yanki na ma'aunin ya shimfiɗa shi a kan matakai 256 ɗin, duk abin da ke ƙasa da yankin ya zama baƙi, na sama ya zama fari. In ƙwaƙwalwa yake dubawa, tagar takan kama daga 0 zuwa 80. In ƙashi ne, sai ya buɗe ta ta kai faɗin 2,000 ko fiye. Yanzu a yi lissafi. Naman ƙwaƙwalwa yana wajen 35, jinin da ya zuba ya daskare yana wajen 60, tazararsu 25 ke nan. A tagar ƙwaƙwalwa wannan tazara takan zama matakai 80 cikin 256, jinin ya fito fari sol, ko ɗalibi zai nuna shi da yatsa. A tagar ƙashi kuwa tazarar matakai uku ce kacal, ƙwaƙwalwa da jini duk toka-toka ɗaya. Yanka ɗaya ne, mara lafiya ɗaya, lambobi ɗaya. Amma in yaron shago ya juya shi a tagar da manhaja ta ga damar buɗewa da ita, likitan da aka tura wa zai iya kallon hoton da kyau ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ko tagar ƙwaƙwalwar ma ba ta isa ita kaɗai ba, domin siririn jinin da ya kwanta jikin ƙoƙon kai yakan saje da farin ƙashi, sai an ƙara faɗin tagar ake raba su. Likitan hoto yana zaune ne yana jan taga gaba da baya, yana bin yanka ɗaya bayan ɗaya. JPEG taga ɗaya ce da aka daskarar.

Ba nan asarar ta tsaya ba. A goshin kowane fayil ɗin DICOM an rubuta milimita nawa ne faɗin ɗigo, da kaurin yanka, da ina ne dama ina ne hagu. Da wannan ake auna ƙari a ce ya girma ko ya ragu tun hoton bara. Duk wannan ba ya bin hoton zuwa JPEG. Abin da ya fi dacewa shi ne a kwafe faifan gaba ɗaya, a dunƙule shi a fayil guda, a tura yadda yake. Yawancin faifan suna zuwa da manhajar dubawa a ciki, akwai kuma na kyauta irin su Weasis da MicroDicom. Ban ce kada a taɓa juyawa ba. Likitan karkara da ke son ra'ayin ƙwararre cikin dare, ga data ta yi ƙasa, dole hoto mara nauyi zai tura. Amma shi likitan ne ya kamata ya zaɓi yankan da tagar, ya kuma faɗi wadda ya zaɓa. Abin da ya fi kowanne muni, kuma shi aka fi yi, shi ne a ɗaga fim a jikin taga a ɗauke shi da waya, har da ƙarafunan tagar da bishiyar darbejiya a baya.

Goshin nan na DICOM yana ɗauke da sunan mara lafiya, da ranar haihuwarsa, da sunan asibiti. A nan juyi yakan yi amfani, domin yana yar da su. Sai dai a hoton sikanin na masu juna biyu da makamantansa, sunan yakan zama an buga shi a jikin hoton kansa, a can sama. Malamin da ke haɗa darasi ko mai sa hoto a Facebook don neman taimako sai ya yanke wurin da hannunsa.

Ɗalibin da hotonsa ya fito baƙi, shi ma ba lalacewa fayil ɗinsa ya yi ba. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, tun 2008 kuma hotunan suka zama kyauta ga kowa. Landsat 8, da aka harba a 2013, yana kallon ƙasa ta zangon haske 11, kowanne da fayil ɗinsa, yawancinsu ɗigo ɗaya na wakiltar mita 30 a ƙasa. Sentinel-2 na Turai yana da zango 13, wasunsu mita 10, yana kuma zuwa a JPEG 2000, wanda duk da kamancin suna yawancin manhajojin kallon hoto ba su san shi ba. Lambobin suna cikin ma'auni mai matakai 65,536, amma ƙasa da gonaki da ruwa sun taru ne a wani ɗan yanki na ƙasan ma'aunin, shi ya sa manhajar da ba ta san dawan garin ba ke nuna duhu. Sai an miƙe yankin, kamar dai tagar likita. Sannan sai an zaɓi zango uku cikin goma sha wani abu, tunda allo launi uku ya sani. A Landsat 8, in ka haɗa na 4 da na 3 da na 2 za ka ga ƙasa yadda mai jirgin sama ke ganinta. In ka sa na 5, wanda ke auna hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma ɗanyen ganye ke mayarwa da ƙarfi, sai duk shuka mai rai ta fito ja. A hoton watan Maris, filayen noman rani na Kadawa da fadamun Haɗeja da Nguru za su yi jawur a tsakiyar ƙasar da ta bushe.

Abin da ya bambanta GeoTIFF da sauran TIFF shi ne an rubuta a cikinsa inda kusurwar hoton ta faɗa a duniya, da girman ɗigo, da tsarin taswirar da aka bi. Da wannan ake ɗora hoton Tafkin Chadi na wata shekara a kan na wata a auna yadda ruwa ya ja ko ya dawo. Da wannan ake cewa ɗigo 100 na Sentinel-2 hekta ɗaya ce. In an mai da shi PNG don a sa a kundin digiri, ya zama zane mai kyau wanda ba a iya auna komai da shi. Manhajar QGIS da GDAL, duk na kyauta, suna iya fitar da wani ɗan fayil mai layi shida tare da hoton, wanda ke riƙe da gurbinsa. Amma ɗan fayil ne da ake mantawa a baya da zarar an tura hoton shi kaɗai.

Rubutu kuma nasa haɗarin daban ne. Shirin ceto takardun tarihi na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004 kuma ya ɗauki nauyin ayyuka a Nijeriya, TIFF yake nema a matsayin uwar kwafi, sannan a fitar da marasa nauyi don masu karatu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar ajami. A rubutun Magaribi da muka gada, ɗigo ɗaya ne a ƙasa ke nuna fa, ɗaya a sama ke nuna ƙaf. Wasulla sau da yawa da jar tawada ake sa su, ga takarda ta yi ja-ja don tsufa, ga cin gara, ga ɗigon ruwa. JPEG kuwa a gefen layi mai kaifi ya fi yin ɓarna, yakan bar wani dusu-dusu kewaye da harafi, launi kuma shi yake fara ragewa. In an matse shi da yawa, mai karatu ba zai iya rantsuwa ko wannan ɗigon malam ne ya sa shi ko ƙura ce ba. Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai, ya tuna abin da ya faru a 2013. Wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano wasu injinan sikana na Xerox suna canza lambobi a takardun da aka ɗauka, 6 ta koma 8. Dabarar matsewar da ke cikinsu, JBIG2, takan ajiye siffar harafi sau ɗaya ta riƙa liƙa ta duk inda ta ga mai kama da ita. Takarda ta fito tsaf, ba dusu-dusu ko kaɗan, lambar ce kawai ba ita ba. Sai da kamfanin ya fitar da gyara.

Akwai kuma rigimar launi, wadda masu buga kalanda da katin biki suka fi kowa sani. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake yi. Akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta kai musu, shi ya sa leshin amarya ke fitowa a kalanda kamar an wanke shi sau goma. In hoton na waya ne da intanet, a juya shi zuwa ma'aunin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi kowace na'ura ke zato in ba a gaya mata wani ba. In na ɗab'i ne, a tambayi mai injin abin da yake so kafin a juya.

Da me za a yi juyin? Hanyar da kowa ke bi ita ce a rubuta wa Google, a shiga shafin farko da ya fito, a ɗora fayil. Ga hoton fure ko na shagon ɗinki, ba laifi. Amma ɗora fayil yana nufin ka miƙa kwafinsa ga kwamfutar wani da ba ka san ko wane ne ba, ba ka san ƙasar da yake ba. Abin da mutane ke ɗorawa kuwa fasfo ne, da katin ɗan ƙasa, da takardar fili, da hoton asibiti mai suna a goshi. Hoton waya ma yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi a cikinsa, har ƙofar gida. A watan Maris na 2025 ofishin FBI na birnin Denver ya yi gargaɗi cewa wasu shafukan juya fayil na kyauta tarko ne, suna yin aikin da aka sa su, amma suna kwashe bayanai ko su haɗo mutum da muguwar manhaja. Mai shagon da ke ɗora takardun kwastomomi a irin waɗannan wurare ya kamata ya san Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ga shi kuwa IrfanView da XnView da GIMP suna yin aikin a cikin kwamfuta ba tare da intanet ba, ImageMagick kuma da layi ɗaya yake juya hoto dubu. Bayan an sha wannan wahala an fitar da hoto mai kyau, kada a tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, domin zai sake rage shi ya sake matsewa. A tura shi a matsayin takarda, zai isa yadda yake.

Saura tambayar da ta fi wuya: bayan an juya, me za a yi da na asalin? Amsa mai sauƙi ita ce a ajiye. Amma na asalin ma yana mutuwa, ta wata hanyar. A 1992 Kodak ya fito da Photo CD, mutane da gidajen tarihi suka zuba hotunansu a ciki. Yau manhajojin da ke buɗe shi da cikakken ingancinsa ƙalilan ne, alhali JPEG ɗin da aka yi a shekarar yana buɗewa a kowace waya. Nau'in da kamfani ɗaya ya riƙe sirrinsa yana rayuwa ne muddin kamfanin na da sha'awa. Wannan ne ya sa Laburaren Vatican, da ya tashi ɗaukar hoton dubban tsofaffin littattafansa na hannu, ya zaɓi FITS, nau'in da masana taurari ke amfani da shi tun 1981. Ƙa'idarsa a buɗe take, masu kula da ita kuma sun ɗaure kansu cewa duk gyaran da za a yi ba zai hana tsohon fayil buɗewa ba.

Mai hoton biki a Kano ko Zinder ba shi da kuɗin Vatican. Biki ɗaya mai hoto 1,000, kowanne megabait 30, gigabait 30 ke nan, ga bukukuwa na zuwa duk mako, ga ma'ajiyar kwamfuta da dala ake sayenta. Shi ya sa da yawa ke goge ɗanyen fayil da zarar amarya ta karɓi album. Ban ga laifinsu a kan ɗari tara da wani abu ba, mutane ne na cin shinkafa, wasu ido a rufe. Amma akwai ashirin ko talatin da za a dawo nema bayan shekaru, na kaka a zaune tsakiyar jikoki, na uba yana riƙe da hannun 'yarsa, ranar da za a so a faɗaɗa su a sa a bango. Waɗannan, in an mai da su DNG ko TIFF mai bit 16, 'yan gigabait kaɗan za su ci, ƙaramin filashi ma ya ɗauke su, a ba iyalin kwafi ɗaya mai hoto ya riƙe ɗaya.